Bakancen Kaka Ladan

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai kakana, Malam Garba Ladan, makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu da ke arewa da Ɗanbatta. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Kafin in ce komai a kansa bari in fara da kaina, don mai karatu ya san da wa yake magana. A zamanin da zan ba da labari, daga Ɗanbatta har inda motar haya take juyawa, ba a haifi saurayi mai ƙarfina ba. Buhun gyaɗa ni kaɗai nake cicciɓa in aza wa jaki, wani lokaci ma in dubi jakin ya ba ni tausayi, in ce a bar shi ni zan kai. In na yi atishawa a zaure kajin maƙwabta sai sun watse. Murya kuwa, in na kira ƙanena daga gona, yara uku masu sunansa ke amsawa daga garuruwa daban-daban. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaya. Waɗanda za su ƙaryata ni yawancinsu sun rasu.

To, wannan gwarzon ne makon jiya ya sauko daga mota a tashar Ɗanbatta da ɗan buhun masara wanda ko rabi bai kai ba, sai wani saurayi da ban taɓa gani ba ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, Baba." Na waiga in ga Baban da ake nufi. Babu kowa a bayana sai mai rake. Kafin in buɗe baki ya saɓa buhun ya yi gaba, ni kuma na bi shi ina haki, hannuwana suna lilo ba komai a ciki. Tun ranar ban zauna daidai ba. In zauna, in tashi, in zaga tsakar gida, in leƙa waje, in dawo in sake zama. Maiɗakina ta tambaye ni ko wani abu na yar nake nema. Ban yar da komai ba. Kaka nake tunawa, domin da irin wannan "kawo, Baba" aka kusa raba shi da abin da ya fi so a duniya.

Kaka shi ne ladanin masallacinmu tun kafin mahaifina ya yi aure. Wanda ya san ƙasarmu ya san babu daji a tsakaninmu. Gona ta jingina da gona, kowane gida yana zaune a tsakiyar gonarsa, sai 'yan hanyoyi sirara da jaki biyu ba sa wuce juna a kai sai ɗaya ya taka gyaɗar wani. Masallacin na ƙasa ne, da 'yar matakala ta laka a gefe inda ladan ke hawa. Babu lasifika. Agogo yana hannun mutum ɗaya ko biyu, su ma kowane da nasa lokacin. Don haka duk gidajen nan, har na can nesa da muke kira gidajen bayan kuka, da maƙogwaron Kaka suke sanin lokaci. Ba ƙato ba ne. Guntu ne siriri, in ya tsaya kusa da ni sai ka ce na fito da sanda. Muryarsa ma ba mai kauri ba ce. Amma in ya kama kalma ya ja ta, sai ta tafi, ta yi ta tafiya tana ƙetare gonaki, kai da ke sauraro numfashinka ya ƙare a madadinsa, shi bai ajiye ba.

Wasan kaka da jika kuwa mun yi shi har ya gundure mutane. Shi yana kirana Ɓarawo, wai ina zagaye matarsa, wato kakata Iya. Ni ina kiransa Tsoho, ina ce masa ya saki yarinyar mutane ya ba masu jini a jika wuri. Ladanci ba sana'ar da ake ci da ita ba ce, don haka manomi ne kamar kowa. Shi ke huɗarsa, shi ke loda wa jaki taki a mangala, shi ke jan guga ya shayar da tumaki. Ban taɓa jin wani ya haɗa wannan aiki da dogon numfashinsa ba. Mun ɗauka baiwa ce kawai, kamar tsawo ko hasken fata.

Wata damina ruwa ya dake shi a gona, ya kwanta da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari har aka kai shi asibiti a amalanke. Allah Ya ba shi lafiya. Da za a sallame shi aka ce ya je ya huta na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan a gidanmu bai taɓa ƙarewa ba.

Sai an fahimci tarbiyyarmu za a gane dalili. A wurinmu babu abin kunya ga magidanci kamar a ga ubansa da kaya a ka. Yaro in ya ga babba da kaya bai karɓa ba, har gida za a kawo ƙararsa. Uba in ya tsufa ya yi ciwo, 'ya'yansa su bar shi ya koma gona, to a kasuwa za a yi da su. Mahaifina mutum ne mai gudun abin magana. Ya ɗauke fartanya ya ɓoye, ya ɗauke garma, ya raba tumaki ga yara su riƙa shayarwa. Aka shimfiɗa wa Kaka buzu a zaure da matashi. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, hannu biyar sun riga shi. In ya yunƙura zai tashi, biyu sun kama shi ta hammata kamar za a aza shi a mota. Ni na fi kowa himma, don abin ya zama mini hanyar tsokana. Ko carbinsa ya faɗi sai in yi tsalle in ce, "Bari, Tsoho, wannan nauyin ya fi ƙarfinka." Duk garin ana yaba mu. Ana cewa a je a ga yadda 'ya'yan Malam Garba suka hutar da ubansu.

Hutun nan kuwa ya riƙa cinsa a hankali, muna kallo muna cewa tsufa ne. Ƙafafunsa suka ƙanƙance. Damtsensa ya zama fata a rataye. Daga zaure zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ya tsaya ya dafa katanga. Muka ce ciwon ne bai gama sakinsa ba, muka ƙara masa hutu. Yana ƙara hutawa yana ƙara haki, yana ƙara haki muna ƙara hutar da shi. Matakalar ladan ta zama masa dutse. In ya hau sai ya tsaya yana mayar da numfashi, jama'a a ƙasa kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Kiran ya fara gajarta. Wata La'asar ya kai "Hayya alas-salah", ya ja, sai numfashi ya yanke a tsakiya, tari ya sarƙe shi. Ni na hau na sauko da shi, na koma na ƙarasa.

Limaminmu, Malam Habu, mutum ne mai taushin magana. Ya zo har zaure ya zauna a gefen buzu, aka gaisa aka daɗe, sannan ya ce, "Malam Garba, ka yi wa addini hidima. Bari yaron nan Sale ya riƙe maka, sai ka ji sauƙi." Sale ni ne. Kowa a zauren ya san ma'anar "sai ka ji sauƙi" in an faɗa wa mai furfura. Kaka ma ya sani. Ya ce, "To, Malam." Ranar ko Ɓarawo bai kira ni ba.

Haka na zama ladan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na sayi sabuwar hula. In na hau matakalar nan na buɗe baki, tantabaru na tashi daga soro, jarirai na farkawa. Na tabbata a lokacin har Kazaure ana alwala da kirana.

Sai shekarun wahala suka shigo. Matasan yanzu suna kukan tsadar rayuwa, kuma da gaskiyarsu, ni ma ina yi. Amma waccan shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Aka tsaya ana kallon gona tana ƙonewa a tsaye. Gyaɗa ba a mayar da iri ba. A kasuwa kaya suka yi wuya, sabulu ma sai wanda ya san wani. Gidajen da ba su taɓa cin garin rogo ba suka koya, wasu har dusa suka tankaɗe. Samari suka watse cin rani, wasu Kano, wasu kudu, garin ya koma na tsofaffi da mata da yara, sai ni da aka bari saboda ladanci. Rijiya ta yi ƙasa, aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa. Randar masallaci, wadda samari ke cikawa don masu alwala, ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Baƙo in ya biyo hanyar kasuwa ya tsaya salla, sai ya shiga gidan mutane roƙon ruwa.

Wata rana bayan La'asar muna zaune a zaure, Kaka ya gyara murya ya ce da mahaifina, "Na yi bakance. Na yi wa Allah alkawari, muddin ina iya miƙewa, randar masallaci ba za ta kwana a bushe ba. Kuma da hannuna zan zuba."

Mahaifina ya ce, "Haba Baba. Ga Sale nan zaune, ƙato guda. Me za a ce da mu a gari?"

"Sale ne ya yi bakancen?"

"Ai sai ya ɗebo, lada ya zama naka."

"Kun karɓi fartanya na yi shiru. Kun karɓi tumaki na yi shiru. An karɓi kira na ce to. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ka je ka karɓo a wurinSa."

Mahaifina bai tsaya ba sai gidan Liman, ni ina biye. Malam Habu ya saurara har ƙarshe, ya tambaya, "Ya furta da bakinsa?" Aka ce ya furta. Ya ce, "To ya hau kansa. Alkawarin aikin alheri ne, ba ni da ikon sauke masa. Sai dai ku ce ya bi a hankali." Muka dawo mahaifina yana tafe yana ƙwafa.

Washegari Kaka ya fita da buta biyu. Guga ko rabi bai iya jawowa ba, sai ya ɗan tsoma ya jawo abin da ya samu, ya huta, ya sake. Tsakanin rijiya da masallaci ya zauna a hanya ban san sau nawa ba. Abin da ya zuba ranar ko gindin randar bai rufe ba, amma dai ba ta kwana a bushe ba, alkawari ya cika. Ni ina bayansa kamar dogari, hannuna yana ƙaiƙayi. Duk wanda muka gamu da shi sai ya rugo, "Kawo, Baba." Shi kuma ya maƙale butocinsa ya ce, "In ka karɓi ruwan, za ka karɓi kaffarar?" Sai mutum ya ja da baya ya rasa inda zai sa hannunsa. Na ga magidanci da gemunsa yana bin Kaka a baya har masallaci yana ta "sannu, sannu", don tarbiyya ta hana shi wucewa, bakance ya hana shi karɓa. Mahaifina kuwa ya daina zama a majalisa. Magana ta zaga cewa yunwa ta sa 'ya'yan Malam Garba sun mai da ubansu ɗan garuwa.

Ba magani yake nema ba, wannan na tabbata. Ya taɓa ce mini a bakin rijiya, "Ɓarawo, na ga alamar tafiya ta matso. Ba na so in isa hannu sake." Yana shirin mutuwa ne. Sai dai jiki bai san da wannan shiri ba. Bayan 'yan makonni butoci suka yi masa kaɗan, ya karɓi ƙaramin tulun Iya. Ranar kasuwa yakan zuba kaɗan ya huta, don ya ce ƙafa ma tana da haƙƙi. Iya tana ɓoye masa ƙuli-ƙuli da ɗan nonon akuya, abin da ni mijinta na gaskiya ban samu ba. Daga ƙaramin tulu ya koma babba. Tsugunnon da yake yi ya ɗauka, da miƙewar da yake yi da kaya, da jan doguwar igiyar nan hannu bayan hannu, kullum, kaɗan-kaɗan. Zaman hanya ya ragu. Wata rana na lura yana tafe da tulu a ka yana ba ni amsar tsokana, bai tsaya ya nemi numfashi ba. Kafin bazara ta kama, garwa yake ɗauka, kuma randar tana cika har baki.

Abin da ya dawo mini da duk wannan ba saurayin tasha kaɗai ba ne. Kwanaki na je asibiti a Kano saboda hakin da nake yi in na hau bene a wurin aiki. Likita ya gwada ni, ya ce jinina ya fara hawa, ya tambaye ni aikin ƙarfin da nake yi. Na soma ba shi labarin buhun gyaɗa da jaki. Ya ce wace shekara ke nan. Na ce mu bar maganar. Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce tsoka in ba a ba ta aiki ba zubewa take yi, kuma zubewar tana sauri in mutum ya manyanta. In ƙafa ta yi rauni, hawa ɗaya ya zama mata babban aiki, sai ta matsa wa zuciya da huhu su kawo ɗauki, shi ne bugun ƙirji da hakin da ake ji. In tsokar ta yi ƙarfi, aikin nan dai ya koma ƙarami, zuciya ta yi shi ba tare da tashin hankali ba, numfashi ya isa har ya yi saura. Ya ce ɗaga nauyi ba ya maye gurbin tafiya da ƙafa, haɗa su ake yi. A fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a bar jiki ya huta a tsakani, kada a riƙe numfashi lokacin ɗagawa. Na ba shi labarin Kaka da randa, na ce ashe kakana ya riga shi sani. Ya ce kakana ya yi sa'a ciwonsa ya riga ya warke, rauni ne ya rage. Da zuciyar ce ta lalace, da garwar nan ta iya kayar da shi, don haka mai ciwo ya fara zuwa a duba shi kafin ya ce zai kwaikwayi kakan wani.

Na fito daga wurinsa ina ta juya abin, har na wuce inda zan hau mota. Me Kaka zai ce da ya ga yau? A Kano na leƙa wani gidan motsa jiki, na ga manyan mutane da tumbinsu sun biya kuɗi suna ɗaga ƙarfe suna ajiyewa a inda suka ɗauke shi. Na san zai tsaya ya kalla, ya tambaya ina za a kai ƙarfen. In an ce ba ko'ina, zai ce a ba shi su ya kai su rijiya. Amma ban tabbata zai yi musu dariya har ƙarshe ba. Ina jin zai fi daɗewa yana kallon ƙauyenmu. Yanzu akwai famfo a ƙofar masallaci, yaro ma da yatsa biyu yake murɗawa. Niƙa inji, sussuka inji, gona babur, masallacin Juma'a babur. Tsofaffinmu tun hantsi suna kan benci a inuwa, ana bin inuwar da bencin har Magariba, kuma ba su ke ɗaukar bencin ba. Kowane gida akwai mai hawan jini, akwai mai sukari, akwai wanda salla ta koma masa a zaune tun bai kai shekarun Kaka ba.

Ba ina cewa a dawo da wahala ba ne. Wanda ya ga mace mai ciki tana jan igiyar waccan rijiya ba zai zagi famfo ba. Yunwar waccan shekarar ta kashe tsofaffi da dama waɗanda ba su da Iya mai ɓoye ƙuli-ƙuli. Kuma ba ina cewa yaro ya ga babba da kaya ya wuce ba, Allah Ya kiyaye mu da wannan zamani. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ladabin nan namu mai kyau, in aka yi shi ba lissafi, yana iya zaunar da mutum zaman da ba zai tashi ba. Ta yaya za ka girmama ubanka ba tare da ka kwashe masa ƙafafu ba? Na yi ta tambayar kaina, ban sami amsar da ta zauna mini ba.

Bari in koma waccan shekara. Azumi ya zo a tsakiyar bazara, ga zafi ga yunwa. Rediyo akwai a wasu gidaje, batir ne babu. Kowa da kiran Magariba yake shan ruwa. Ba a yi nisa ba sai ga wani dattijo daga gidajen bayan kuka ya zo wurin Liman, a gaban jama'a, ya ce, "Malam, mu fa ba ma jin kira. Jiya sai da taurari suka fito mata suka sha ruwa, akwai mai shayarwa a ciki. Da can muna ji." Na ce iska ce take kaɗawa yamma. Ya ce, "Iskar ba ta san yamma ba sai bana?" Liman ya ce in ƙara ɗaga murya. Na ƙara. Na yi ta ƙarawa har na kusa tsaga matakalar. Na kusa suna toshe kunne, na nesa ba su ji ba. Abin da ban gane ba shi ne, ba ƙara ke kai kira nesa ba, ja ne. Ni kuwa in na daka tsawa ɗaya numfashi ya ƙare, sai in datse kalmar in kama ta gaba.

Kwana biyu bayan haka, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, jama'a sun taru a ƙofar masallaci kowa da ɗan ƙoƙon kununsa a gaba. Kaka ya iso da garwa, ya juye a randa, ya kife ta. Bai nemi wurin zama ba. Ya je gaban Liman ya ce, "Malam, ka ce Sale ya riƙe mini sai na ji sauƙi."

"Na ce."

"To, na ji."

Malam Habu ya dubi mahaifina. Mahaifina ya dubi ƙasa. Liman ya ce a hankali, "Malam Garba, jama'a na azumi. In ya yanke maka a tsakiya fa?"

"Ga ƙato nan a ƙasa, ya ƙarasa. In ya yanke, ba zan sake tambaya ba har in mutu."

Liman ya dubi rana, ya ce, "Bismilla."

Na miƙa hannu zan kama shi, ya doke hannun. Ya hau matakalar nan ba dafa bango, ba tsayawa. Ya sa yatsu a kunne. Ni ina ƙasa na cika ƙirji da iska, a shirye. Ya yi kabbara, siririyar muryar nan ta fito, ta ɗan yi rawa da farko saboda daɗewa, sannan ta miƙe. Ya yi shahada. Ya iso "Hayya alas-salah", inda ta yanke masa a wancan karo, na ga mahaifina ya runtse ido. Kaka ya kama ya ja. Na buɗe baki ina jira. Ya ci gaba da ja. Iskar da na tara ta gaji da jira ta fice da kanta, shi bai ajiye ba. Da ya ajiye, don kansa ya ajiye. Ya gama kira, ya yi addu'a, sai muka jiyo can nesa, ƙasa-ƙasa, yaran bayan kuka suna ihun an kira, an kira. Liman ya ɗauki ƙoƙonsa ya miƙa wa Kaka kafin shi ya sha. Mahaifina ya tashi ya shige masallaci, ya ce wai tabarma zai gyara.

Daga ranar Kaka ya ci gaba da kiransa shekaru masu yawa, har lasifika ta zo garin, yana tsayawa nesa da ita don ya ce tana yi masa shisshigi. Randar kuma bai bar ta ta kwana a bushe ba sai a ciwon ajali.

Yau in ka je ba za ka ga komai nasa ba. An rushe masallacin ƙasa an yi na siminti, matakalar ta tafi da shi. Randar ta fashe tuntuni. Muryarsa ba wanda ya ɗauka a kaset, mu da muka ji ta muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage ƙarami ne, a cikin gidanmu yake. Mahaifina yanzu ya haura shekarun da Kaka ya yi bakance, kuma fartanyarsa tana hannunsa. Yana noma 'yar gonar bayan gida, yana ɗaukar wa tumakinsa ruwa a bokiti, yana sallarsa a tsaye. Mutumin da ya ɓoye wa ubansa garma, yau in jika ya ce "kawo" sai ya harare shi. A gidanmu yara sun koyi tambaya: "A taya ka?" In ya ce a'a, a bar shi. Ni ma na sami jarkoki biyu na cika da ruwa, ina ɗagawa da safe a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba, da niyyar kafin baɗi in koma tashar Ɗanbatta in nemi saurayin nan.

Ni kuwa rabona a gadon Kaka magana ce ɗaya, a waccan Magaribar ya ba ni ita. Bayan an idar da salla muna komawa gida, yana gaba da garwarsa, ina baya da sabuwar hulata. Na ga ya kamata in ɗan farfaɗo da mutuncina, sai na ce, "Tsoho, ka gode Allah ni na sakar maka. Da da gaske na yi, da ƙirjin nan nawa, har Kano sai an sha ruwa." Ya tsaya, ya juyo, ya miƙa hannu sama ya ƙwanƙwasa ƙirjin nawa da bayan yatsa, ya kara kunne kamar mai sayen tulu.

Ya ce, "Rumbun bana ke nan, Ɓarawo. Daga waje ƙato, ciki ba komai."